Yadda Na Daidaita Sunayen Gudumomin Ƙira Tsakanin Ingilishi da Polanci

A shekarata ta biyu ta karatun sarrafa ƙarafa a birnin Krakow na ƙasar Polan, malamin da ke koyar da mu darasin ƙira ya kira ni ofishinsa wata ranar Talata bayan an tashi daga aji, ya miƙo mini takarda mai shafi biyu. A gefen hagu an jera kalmomin Ingilishi 34, gefen dama kuwa fayau yake, babu ko ɗigo. Ya ce wasu ɗalibai za su zo daga Ingila a ƙarshen zango domin su ziyarci tsofaffin maƙerun ƙasar, kuma ana so a raba wa baƙi da 'yan gida jerin kalmomi guda, yadda idan wani ya nuna inji ya kira sunansa, ɗan'uwansa zai san abin da ake nufi. Ya zaɓe ni ne saboda da Ingilishi na yi karatu tun daga firamare, Polancina kuma ya kai in bi lacca ba tare da neman tafinta ba. Na ce masa, “Panie Profesorze,” kamar yadda ɗalibi ke kiran farfesa a can, “ranar Juma'a zan kawo.” Bai musa mini ba, sai dai ya ce kada in yi gaggawa. Aikin ya ci mako biyar cur.

Kalmomin farko ba su ba ni wahala sosai ba, ko da yake tun daga ta ɗaya na ga alamar abin da ke gaba. Bature yana da “hammer” guda ɗaya da yake kira wa abin buga ƙusa da kuma injin da ya fi ɗaki tsawo, amma mutumin Polan ya raba su: ƙaramar gudumar hannu ita ce “młotek”, babbar kuwa, ko ta hannu biyu ko ta inji, ita ce “młot”. Harafin nan mai kama da “l” da aka ja wa layi ana furta shi ne kamar “w” ɗinmu, saboda haka “mwot” kunne ke ji. Wannan rabuwa ba ta zame mini baƙuwa ba, domin mu ma maƙeranmu ba sa kiran masaba da sunan gudumar kafinta. Uwar maƙera, wadda Bature ke kira “anvil”, ita ce “kowadło”, kuma saiwarsu ɗaya da “kowal”, wato maƙeri, inda sunan iyalin nan Kowalski da ya cika ƙasar ya samo asali. Da na zo kan “forge” sai na tarar kalma ɗaya ce mai ɗauke da kaya uku: ɗakin ƙira shi ne “kuźnia”, murhun da ake gasa ƙarfe a ciki “kotlina kowalska”, aikin ƙirar kansa kuma “kuć”. Haka “forging” ta rabu biyu, domin Bature yana kiran aikin da abin da aka ƙera da suna ɗaya, alhali Polanci yana cewa “kucie” ga aikin, “odkuwka” ga ƙarfen da ya fito. Na ƙara layuka, na wuce.

Inda na cije shi ne kan kalmomi uku da suka zo a jere, wato “tilt hammer”, “trip hammer” da “helve hammer”. Ƙamusoshin da na duba a ɗakin karatu sun riƙa tura ni daga wannan zuwa waccan, har na ɗauka sunaye uku ne na abu ɗaya. Da yake aikatau “tilt” yana nufin karkata, Polanci kuma yana da “przechylać” mai wannan ma'ana, sai na ƙirƙiro “młot przechylny”, na rubuta shi da tabbaci, na kai wa malamin ranar Juma'ar da na yi alkawari. Ya karanta jerin daga sama har ƙasa bai ce uffan ba, sannan ya dawo kan wannan layin ya ɗora bakin biro a kai, ya tambaye ni ko na taɓa ganin injin da idona. Na ce ban taɓa ba. Ya ce nahawun kalmar daidai yake, amma babu maƙerin da zai ji ta ya san abin da nake nufi, kuma ya ba ni shawarar in ajiye ƙamus in zana kowace guduma a takarda, in sa alama a wurare uku: inda aka maƙale ta, inda kanta yake, da inda ƙarfin da ke ɗaga ta yake taɓa ta.

Na shafe mako guda ina karanta abin da Turawan Ingila suka rubuta kan tsofaffin maƙerunsu, ina zane da fensir. A nan ne na fahimci cewa “helve” tsohuwar kalma ce mai nufin ƙota, irin ta gatari, kuma “helve hammer” suna ne na dangin gaba ɗaya: katafariyar ƙota ta katako mai kan ƙarfe, an maƙale ta a wuri guda yadda za ta iya yin sama da ƙasa. A kusa da ita akwai gungume kwance wanda babban wili na ruwa ke juyawa, a jikin gungumen kuma an dasa haƙoran ƙarfe a kewaye. Duk haƙorin da ya zagayo sai ya taɓa ƙotar ya ɗaga kan gudumar, da ya zame sai kan ya faɗo kan uwar maƙera. Wanda ya taɓa ganin jigo a bakin fadama ya riga ya san rabin labarin, domin sanda ce a kan madogara, idan aka danne wannan gefe sai wancan ya tashi. Bambancin dangin duka yana ga inda haƙorin ke taɓawa. Idan madogarar tana tsakani, haƙorin kuma yana danne wutsiyar ƙotar ƙasa, wannan ita ce “tilt hammer”, wadda wasu ke kira “tail helve”. Idan madogarar tana can ƙarshen ƙota, haƙorin kuma yana shiga ta ƙarƙashi tsakanin madogara da kai ya ɗaga, wannan “belly helve” ce, wato mai ɗaguwa ta ciki. Idan kuwa haƙorin yana kama ƙarshen gaba ne, bayan an wuce kai, sai a ce “nose helve”, mai ɗaguwa ta hanci.

Ba wai bambancin suna ba ne kawai, aikinsu ma ya bambanta. Mai wutsiya ba ta da nauyin 'yan'uwanta, amma tana da sauri ƙwarai, saboda haka da ita ake miƙar da ƙarfe a fitar da bakin lauje da makamantansa. A Abbeydale da ke gefen kogin Sheaf a birnin Sheffield, inda aka daɗe ana ƙera dogon laujen yankan ciyawa, ɗakin irin waɗannan gudumomi da aka gina a 1785 yana nan har yau. Mai ɗaguwa ta ciki kuwa nauyi gare ta da jinkiri, ita ake sa wa babban curin ƙarfe, kuma a maƙerar Wortley da ke wannan yanki an yi amfani da irinta wajen ƙera sandunan da ke haɗa ƙafafun jirgin ƙasa biyu-biyu.

Zanen ya warware mini ɓangaren Ingilishi, amma gefen dama na takardata bai cika ba. Sai malamin ya haɗa ni da wani dattijo da ya yi ritaya bayan ya shafe rayuwarsa a sashen ƙira na wata masana'antar ƙarfe, shi kuma ya yarda ya raka ni ƙauyen Stara Kuźnica da ke kusa da garin Końskie, a yankin da ake kira tsohon lardin masana'antu na Polan, inda aka adana wata maƙerar ruwa da kayanta. Sunan ƙauyen kansa yana nufin tsohuwar maƙera. Mun isa da hantsi ana yayyafi. Ginin na katako ne, yana gefen madatsar ruwa, cikinsa duhu-duhu, ga warin tsohon gawayi da danshi. Gudumar tana kwance shiru, kanta a kan uwar maƙera, ƙotarta gungume ce da hannuwana biyu ba za su zagaye ta ba, an ɗaure ta da zobban ƙarfe. A gefe guda akwai zugazugi na katako masu siffar akwati, waɗanda su ma ruwa ne ke zuga su, kuma sunansu “miechy skrzynkowe”, wato zugazugin akwati.

Dattijon bai fara da magana ba. Ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan injin, ya ɗora tafina a kan wutsiyar ƙotar, daidai inda aka lulluɓe ta da faifan ƙarfe. Wurin ya yi santsi kamar bayan cokali, har ya ɗan lotsa, saboda shekarun da haƙora suka yi suna gogarsa. Sannan ya dunƙule hannunsa ya danna iska ƙasa, ya ce, “Naciska.” Ma'anarta, yana dannawa. Na ce, “Proszę pana,” domin haka ake girmama dattijo a can, “to mene ne sunan gudumar?” Ya ce, “Młot naciskowy.” Na tsaya ina kallon wurin da ya lotsa, domin a wannan lokacin ne na gane dalilin da ya sa ƙamus bai fisshe ni ba. Bature ya tsaya a gefe ya ga ƙota tana karkata sai ya sa mata suna daga abin da idonsa ya gani, mutumin Polan kuwa ya duba abin da haƙori ke yi wa wutsiya sai ya kira ta mai dannuwa. Inji ɗaya ne, amma kowa da inda ya tsaya ya kalle shi, kuma duk wanda ya bi kalma zuwa kalma ba zai taɓa isa daga “tilt” zuwa “nacisk” ba.

Muna zaune a kan benci a waje, na buɗe masa zanen da na yi na sauran biyun. Da ya ga mai ɗaguwa ta ciki sai ya juya tafinsa sama ya yi kamar mai cilla ƙwallo, ya ce “młot podrzutowy”, daga aikatau “podrzucać”, wato a cilla abu sama. Ta ukun ya kira ta “młot czołowy”, daga “czoło” mai nufin goshi, saboda haka abin da Bature ya gani hanci, a Polan goshi ne. Dangin gaba ɗaya kuma na same su a littafin darasinmu da sunan “młoty dźwigniowe”, daga “dźwignia”, sandar da ake ɗaga nauyi da ita a kan madogara, kuma wannan na sa a gaban “helve hammer”.

Da na koma Krakow na nemi hanyar tabbatar da abin da na ji, domin bakin mutum ɗaya, komai ƙwarewarsa, bai isa a buga a takarda a raba wa jama'a ba. Jamusanci ne ya zame mini gada. Jamusawa suna kiran mai wutsiya “Schwanzhammer”, mai cillawa “Aufwerfhammer”, ta gaba kuma “Stirnhammer”, kuma “Stirn” goshi ne, “aufwerfen” kuwa cillawa sama. Biyu daga cikin ukun sun yi daidai da Polanci kamar an auna, ta ukun kuma ta yi daidai da “tail helve” na Ingilishi. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin sana'ar a wannan yanki, domin kalmomin haƙar ma'adinai da narkar da ƙarfe da yawa sun shigo Polanci ne ta bakin Jamusawa. “Huta”, masana'antar ƙarfe, wadda ke cikin sunan unguwar Nowa Huta a nan Krakow, daga “Hütte” take, kuma tsohon sunan maƙerar ruwa, “hamernia”, yana ɗauke da “Hammer” a fili. Daga ranar na ƙara shafi na uku a takardar aikina, na riƙa rubuta Jamusancin kowace kalma da nake shakka a kanta, in duba ta daga gefen biyu.

Saura “trip hammer”, kuma ita ce na fi daɗewa ina juyawa. Aikatau “trip” a nan yana nufin sakin abin da aka ɗana, saboda haka sunan ya shafi duk gudumar da haƙori ke ɗagawa ya saki, ko a maƙera take ko ba a maƙera ba. Mutanen Sin sun yi amfani da irinta tun zamanin daular Han wajen surfa hatsi, wato turmi da taɓarya ne da ruwa ke yi wa aiki, Turai kuma ta sa ta wajen daka duwatsun ma'adinai da bugun ulu. Polanci yana da “stępa” ga injin daka, da “folusz” ga wurin bugun ulu, babu kuma mai kiran ɗayansu gudumar ƙira. Hukuncin da na yanke shi ne in raba layin biyu, in rubuta cewa a maganar ƙira ana nufin “młot dźwigniowy”, ko “młot wodny” idan ruwa ne ke tuƙa shi, a maganar daka kuma “stępa”. Har yanzu ina ganin gara a tsawaita layi a faɗi gaskiya da a cusa kalma ɗaya domin jerin ya yi kyan gani.

Rabin takardar na biyu ya shafi injinan da suka zo bayan ruwa, kuma a nan ma sai da na koma ga tarihi kafin kalmomin su zauna. Gudumar ƙota tana da aibi guda babba: tashinta yana da iyaka, saboda haka idan aka sa mata ƙarfe mai kauri sai ya cinye tazarar da za ta faɗo, bugunta ya yi rauni a daidai lokacin da aka fi bukatar ƙarfinsa. Wannan matsala ce ta taso a 1839, lokacin da ake neman wanda zai ƙera katafaren sandan da zai juya wilin tuƙi na wani jirgin ruwa mai suna Great Britain aka rasa gudumar da za ta iya. James Nasmyth, injiniya ɗan Sikotilan mai masana'anta a Patricroft kusa da Manchester, ya zana gudumar da tururi zai ɗaga ta a miƙe tsakanin ginshiƙai biyu, ta faɗo daga duk tsayin da mai tuƙa ta ya so. An sauya tsarin jirgin zuwa farfela, ba a ƙera sandan ba, amma Nasmyth ya yi wa ƙirƙirarsa rajista a 1842, bayan ya je Le Creusot a Faransa ya tarar François Bourdon ya riga ya gina irinta tana aiki. A wannan garin ne aka kafa mai nauyin tan 100 a 1877, wadda yanzu take tsaye a matsayin abin tarihi. Sunan injin bai ba ni wahala ba, “steam hammer” ita ce “młot parowy”, daga “para”, tururi. Sassansa ne suka tsayar da ni.

Curin ƙarfen da ke hawa da sauka Bature yana kiransa “ram” ko “tup”, dukansu kuma sunayen rago ne, saboda yadda yake tunkuyi. Littafin darasinmu ya ce “bijak”, daga “bić”, duka. Dattijona kuwa, da na buga masa waya, cewa ya yi su a wurin aiki “baba” suke kiransa. Na sa ya maimaita, domin kunnen Bahaushe ba zai ji wannan kalma ya wuce ba. A Polanci “baba” tsohuwa ce, kuma kiran mace da ita rashin ladabi ne, amma ma'aikata sun daɗe suna kiran nauyin da ake saki ya faɗo da wannan suna, har da na injin kafa turaku a ƙasa. Na sa “bijak” a gaba, na bi shi da “baba” tare da bayanin cewa ta bakin ma'aikata ce, domin baƙon da zai shiga masana'anta ita zai fara ji. Ƙaton ƙarfen da ke ƙarƙashin uwar maƙera yana shanye bugu, wanda Bature ke kira “anvil block”, shi ne “szabota”, kalmar da asalinta Faransanci ne.

Sauran sun tafi da sauri, ban da tarko biyu. “Drop hammer” ita ce “młot spadowy”, mai faɗowa da nauyinta, a nan harsunan biyu sun yi ittifaƙi, kuma irin wadda ake jan ta sama da katako da ke matse tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa ita ce “młot deskowy”, daga “deska”, katako. Amma “drop forging” ba ta bi wannan hanya ba, domin Polanci bai damu da faɗowar ba, ya duba ƙarafan nan biyu ne da aka sassaƙa siffar abin da ake so a cikinsu, waɗanda ake kira “matryca”, sai ya ce “kucie matrycowe”. Kishiyarta, inda ake juya ƙarfe a fili tsakanin kai da uwar maƙera ba tare da an tsare shi ba, ita ce “kucie swobodne”, ƙira mai 'yanci. Tarko na biyu ya fi haɗari. Da na ga “pneumatic hammer” hannuna ya tafi kai tsaye ga “młot pneumatyczny”, kuma kalmar tana nan a harshen, sai dai duk mutumin da ka tare a titi ka faɗa masa ita, injin fasa kwalta zai tuna. Gudumar ƙira mai ɗauke da famfon iskarta a jikinta, irin wadda ke ɗakin gwajin sashenmu, “młot sprężarkowy” ce, daga “sprężarka”, injin matsa iska. Wannan na tabbatar da ita ne a jikin injin kansa, inda na durƙusa na goge maiƙon da ya rufe farantin sunansa na karanta. Mai sifirin ita ce “młot sprężynowy”, wadda kuma kawuna biyu ke karo da juna daga sama da ƙasa, wato “counterblow hammer”, ita ce “młot przeciwbieżny”.

A mako na biyar na mayar wa malamin takardar, kalmomi 34 sun zama layuka 41, kuma a gefen gudumomin ƙota uku na liƙa ƙananan zanen da na yi, kowanne da kibiya a inda haƙori ke taɓawa. Ya gyara mini wasulla biyu masu alama da na manta, ya ce a bar zanen yadda yake a buga da shi.

Ranar ziyarar mun sake zuwa Stara Kuźnica da baƙin, dattijon ma ya zo. Wata ɗaliba daga Sheffield ta zagaya bayan injin ba tare da kowa ya nuna mata ba, ta shafa wurin nan da ya lotsa, ta ce kakan kakanta “tilter” ne, wato mutumin da ke zama gaban irin wannan guduma yana juya jan ƙarfe a ƙarƙashinta. Kalmar ba ta cikin jerina. Na fassara wa dattijon abin da ta ce, ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce a da ana kiran ma'aikacin irin wannan maƙera “hamernik”. Na ari bironsa, na jingina takardar a jikin ƙotar, na rubuta kalmomin biyu a ƙasan shafi a matsayin layi na 42, ɗaliban da ke kusa kuma suka ciro nasu takardun suka kwafa.